Daga Kurmin Baƙin Ruwa Zuwa Wasai: Tarihin Kogin Jakara, Gubar Ƙarafa da Aikin Fadama

Gabatarwa

Duk wanda zai ba da tarihin birnin Kano, da wuya ya tsallake Dala da Gwauron Dutse da ganuwa da ƙofofinta. Amma ba kasafai ake tsayawa a kan ruwa ba, alhali kuwa babu garin da ya taɓa kafuwa ba tare da shi ba. Wannan maƙala za ta bi diddigin Kogin Jakara tun daga zamanin da yake kurmi mai kwarjini, har zuwa yau da ya zama babbar kwatar birni. Za ta kuma yi bayanin wata irin guba da ake kira gubar ƙarafa masu nauyi, wadda ruwan ƙazantar gari da na masana'antu ke ɗauke da ita, da yadda fadama ke tace ta ba tare da an biya ta ko kwabo ba, da kuma inda ƙarfin fadamar ya tsaya. Na rubuta ta ne musamman domin malaman makaranta da dattawanmu, saboda su ne waɗanda ake jin maganarsu a aji da zaure. Abin da ya sa batun ya zama wajibi shi ne, ganyen da ake sawa a miya a gidaje da yawa na birni, da wannan ruwa ake shayar da shi.

Jakara a Zamanin Da

Littafin Tarihin Kano, wanda Baturen mulkin mallaka H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a shekarar 1908, ya ambaci Jakara tun a labarin Barbushe da mutanen Dala. Ya nuna cewa wuri ne mai duhuwar itatuwa da ruwa ke kwance a cikinsa, ana kiran sa Kurmin Baƙin Ruwa, kuma mutanen wancan zamani suna jin tsoronsa, suna kai masa yanka idan sun hango masifa. Ba addininsu ne abin dubawa a nan ba. Abin lura shi ne sunan. Ruwan da ke kwance ƙarƙashin itatuwa, ganye na zuba a cikinsa shekara da shekaru yana ruɓewa, dole ya yi duhu. Wato tun farkon tarihinta, a gefen fadama Kano ta tashi, kuma wancan baƙin na ruɓaɓɓen ganye ne da laka.

A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka kafa Kasuwar Kurmi a gefen wannan wuri, sunanta ma daga kurmin ya samo asali. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, da ya shigo Kano a watan Janairu na 1824, ya tarar da fadama ta kusa raba birnin gida biyu, kasuwa kuma tana ci a kan wani tudu a tsakaninta. Ya yi ƙorafin wari, domin a nan ake zubar da shara da mushe. Shi ma Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo a 1851, ya sa Jakara a taswirar da ya zana, ya kuma ƙiyasta mazauna birnin da kimanin dubu 30, adadin da kan ninka a lokacin fatauci.

Daga wannan za mu fahimci cewa zuba ƙazanta a Jakara ba sabon abu ba ne. Sai dai ƙazantar wancan lokaci iri ɗaya ce: jinin yanka, da bayan gida, da toka, da ruwan jima da na rini. Majemin gargajiya da bagaruwa yake jima, da toka yake cire gashi, da karan dafi yake rina fata ja. Marini kuma baba da toka da katsi yake zubawa a karofi. Dukkansu daga tsiro ko dabba suka fito, kuma duk abin da ya fito daga rai, ƙwayoyin halitta na cikin laka suna iya cinye shi ya koma taki. Yana wari, yana iya kawo zawo da zazzaɓi, amma ba ya dawwama. Da irin wannan jima ce fatar jar akuyar ƙasar Hausa ta ƙetare Sahara har Turai, inda aka riƙa kiran ta fatar Maroko saboda ta can take bi.

Bayan Jakara, akwai kududdufai da yawa a cikin birni, waɗanda aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini. Mu da muka tashi a birni a shekarun 1960 mun san su cike da kainuwa da bado, kwaɗi na kuka a cikinsu da damina. Ruwan kwatar unguwa a cikinsu yake faɗawa, ya kwanta, laka ta zauna, sannan abin da ya yi saura ya malala. Ba mu ɗauke su a bakin komai ba, amma kowannensu ƙaramar matata ce.

Zuwan Masana'antu

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911. Da zuwan dogo cinikin gyaɗa da fata da ƙirgi ya bunƙasa, aka kafa Sabon Gari, Fagge ta cika, unguwanni suka yi ta tsirowa a gaɓar Jakara. Daga shekarun 1950 masana'antu suka fara taruwa a Bompai. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuɗin man fetur kuma suka shigo a shekarun 1970, sai aka buɗe Sharaɗa da Challawa. Aka kafa majemu na zamani, da masaƙu, da masana'antun roba da fenti da kwanon ruwa da batir da sabulu.

Kasancewar ruwa ba ya hawa tudu, kowace unguwar masana'antu ta sami rafin da take juye wa ruwanta. Na Bompai yana bin Rafin Getsi, ya haɗu da Jakara a arewa maso gabashin gari, su tafi tare har madatsar Wasai a Ƙaramar Hukumar Minjibir, wadda aka kammala a 1976 cikin jerin madatsun da aka tsara tun zamanin Gwamna Audu Baƙo. Na Sharaɗa yana bin Rafin Salanta zuwa Kogin Challawa, na unguwar Challawa kuma kai tsaye yake shiga kogin. Challawa na haɗuwa da Kogin Kano, su wuce Wudil, su zama Kogin Haɗeja. Kada a manta cewa daga wannan Kogin Challawa ne Kano ta fara shan ruwan famfo tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a farkon shekarun 1930.

Babban abin da ya sauya shi ne irin jimar. A ƙarni na 19 aka gano a Turai da Amurka cewa gishirin wani ƙarfe mai suna kuromiyam yana jeme fata cikin yini guda, aikin da bagaruwa kan ɗauki kwanaki. A yau mafi yawan fatar da ake jemewa a duniya da shi ake yi, kuma shi ne ke ba ta launin shuɗi-shuɗi kafin a rina ta. Matsalar ita ce fatar ba ta shanye gishirin duka. Kusan kashi ɗaya cikin uku yakan fita da ruwan wanki. A shekarun da nake aikin gwamnati, idan rangadi ya bi da mu ta gefen Salanta ko Getsi, da ido mutum ke ganin ruwan ya sauya launi, yau shuɗi, gobe ja, jibi baƙi ƙirin da kumfa a kansa. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Mene Ne Ƙarafa Masu Nauyi?

Idan an ce ƙarfe a cikin ruwa, kada mai karatu ya zaci guntun ƙusa. Ana nufin ƙarfen da ya narke kamar yadda gishiri ke narkewa, ko wanda ya manne da ƙurar laka, ido ba ya ganin sa, harshe ba ya jin sa. Waɗanda suka fi damun masana a ruwan birane su ne dalma, da kadmiyam, da kuromiyam, da zaiba, sai kuma tagulla da tutiya, waɗanda jiki ke bukatar ɗan kaɗan daga cikinsu amma suke zama guba idan sun yi yawa.

Dalma tana fitowa daga tsohon batirin mota da ake fasawa a garejoji, da wasu fenti, da aikin narka ƙarfe. Shekaru da dama kuma ana zuba ta a cikin man fetur, hayaƙi ya watsa ta a gefen titi, ruwan sama ya wanke ta zuwa kwata. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun daina sayar da irin wannan mai a farkon 2006, duniya baki ɗaya kuma a 2021, amma wadda ta riga ta zauna a ƙasa tana nan. Kadmiyam yana cikin wasu batura da launukan roba da fenti. Kuromiyam daga jima da rini da aikin goge ƙarfe. Zaiba kuwa tana cikin wasu ƙwayayen fitila da wasu mayukan bilicin.

Bambancin waɗannan da ƙazantar da Clapperton ya gani shi ne ba sa ruɓewa. Rana ba ta kashe su, tafasa ruwa ba ta kore su, hasali ma idan ruwa ya ƙone a tukunya, ƙarfen ƙara kauri yake yi a cikin ragowar. Suna kuma taruwa a jiki sannu a hankali. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa fahimta, ta jawo ƙarancin jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi nata da za a kira lafiyayye a jinin yaro. Kadmiyam yana zama a ƙoda shekaru goma zuwa talatin, yana lalata ta, yana raunana ƙashi. Kuromiyam iri biyu ne: wanda ake jima da shi yana da sauƙin illa, amma akwai ɗan'uwansa mai zafi da ke cin fata, yana kuma haddasa sankarar huhu ga masu shaƙarsa, kuma mai sauƙin yana iya rikiɗa ya koma mai zafin, misali idan aka ƙona tarkacen fatar da aka jeme.

Domin a gane ƙanƙantar abin da ke cutarwa, ga ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha: dalma kada ta wuce miligiram 0.01 a lita ɗaya, kuromiyam 0.05, kadmiyam 0.003. Malami zai iya fassara wa ɗalibai wannan cikin sauƙi. Lita miliyan ɗaya ta kai cikin tankar mai talatin. Giram 3 na kadmiyam, wanda bai kai nauyin ƙwayar sukari ɗaya ba, ya isa ya kai ruwan tankokin nan talatin bakin iyaka.

Tarihin wasu ƙasashe ya nuna ƙarshen sakaci. A Japan, manoman gaɓar Kogin Jinzu sun shekara suna shayar da shinkafa da ruwan da ya biyo ta mahaƙar ma'adinai. Kadmiyam ya shiga shinkafar, mata da yawa suka kamu da ciwon ƙashi mai tsanani da aka sa wa suna itai-itai, wato kukan da majinyatan ke yi, gwamnati kuma ba ta amince da musabbabin ba sai a 1968. A garin Minamata na ƙasar, zaiba daga ruwan masana'anta ta taru a kifi, aka gano cutar a 1956. Mu ma a nan gida, a 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Wannan ba ta ruwan kwata ta zo ba, amma dalmar dai ita ce.

Lambunan Gaɓar Jakara

Duk da halin da ruwan ke ciki, dubban mutane da shi suke cin abinci. Daga Kwakwaci da Nomansilan zuwa Gama har Wasai, masu lambu suna jan ruwan da injin ban-ruwa suna noma latas da kabeji da alayyafo da karas da albasa da tumatir. Manomi yana son ruwan saboda dalilai biyu masu ƙarfi: ba ya ƙafewa ko da bazara, domin birni ba ya daina wanka da wanki, sannan yana ɗauke da taki, ganye ya yi kore shar. Ba adalci ba ne a ɗora wa mai lambu laifi, tunda ba shi ya zuba gubar ba, kuma shi da 'ya'yansa ne suka fi kowa tsoma hannu a ciki.

Tun daga shekarun 1990 malaman Jami'ar Bayero da wasu jami'o'i suke auna ruwan Jakara da Getsi da Challawa, da ƙasar lambunan, da ganyen da ke fitowa. Binciken ya sha nuna cewa a wurare da dama, musamman kusa da inda ruwan masana'antu ke shigowa kuma a lokacin rani, ƙarafan sun zarce ƙa'ida. Da damina ruwan sama yana sirka shi, da rani kuwa kusan zallar ruwan kwata ne ke gudana, kuma a lokacin ne ake ban-ruwa. Tsirrai masu ganye irin su latas da alayyafo sun fi saurin jan kadmiyam, ita kuwa dalma ta fi mannewa da ƙura da lakar da ke jikin ganye da saiwa.

Yadda Fadama Ke Tace Ruwa

A nan ne aikin fadama ya shigo. Masu auna ruwa a ƙasashe daban-daban sun lura cewa idan gurɓataccen ruwa ya ratsa fadama mai ciyayi, ƙarfen da ke cikinsa a mafita ba ya kai na mashiga. Hanyoyi huɗu ne ke kawo haka.

Ta farko ita ce rage gudu. Yawancin ƙarfen yana manne da ƙurar laka ne. Ruwa mai gudu yana tafiya da ita, amma idan ya shiga cikin kacalla da burugu da gwaigwaya ya bazu, sai gudunsa ya mutu, lakar ta zauna, kamar yadda gasara ke kwantawa a ƙasan ƙwarya.

Ta biyu ita ce riƙo. Yumɓu da ruɓaɓɓen ganye suna da wata ɗabi'a ta jawo narkakken ƙarfe su riƙe shi a jikinsu. Wato irin baƙar lakar da ta ba Kurmin Baƙin Ruwa sunansa ita ce tarkon ƙarfe mafi kyau.

Ta uku tana faruwa a can cikin taɓo inda iska ba ta kaiwa. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a wurin, suna fitar da wata iska mai ɗauke da farar wuta, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda duk wanda ya taɓa tona taɓon fadama ya san ta. Idan ta haɗu da dalma ko kadmiyam ko tagulla ko tutiya, sai su dunƙule su zama wani abu da ba ya narkewa a ruwa. A irin wannan taɓo ne kuma kuromiyam mai zafi ke komawa mai sauƙi.

Ta huɗu ita ce aikin tsirran kansu. Kacalla da danginta suna tura iska daga ganye zuwa saiwa, wannan ya sa wata tsatsa ja take lulluɓe saiwar, tsatsar kuma tana kama ƙarfe. Wani kaso yana shiga cikin tsiron, mafi yawa ya tsaya a saiwa. Kainuwa, da yake a kan ruwa take shawagi, saiwarta kai tsaye take tsotsa daga ruwan. Ciyawar jema ma, wadda ake zana da ita, danginta sun yi suna a ƙasashen Asiya wajen jure ƙasa mai guba da riƙe gaɓa.

Wata masaniyar tsirrai a Jamus mai suna Käthe Seidel ce ta fara gwada wannan a kimiyyance a shekarun 1950, kuma a 1974 aka gina fadamar hannu ta tace ruwan gari a Othfresen da ke ƙasar. A yau akwai dubban irinta a duniya. Misalin da ya fi kama da namu shi ne na birnin Kalkata a Indiya. A gabashin birnin akwai fadama mai faɗin hekta 12,500 wadda ruwan kwatar gari ke ratsawa, ana kiwon kifi da noman lambu a cikinta, kuma a 2002 aka sa ta cikin fadamun da Yarjejeniyar Ramsar ta 1971 ke karewa. Su ma suna da majemu, kuma a 1996 Kotun Ƙolin Indiya ta ba da umarnin a kwashe su daga cikin gari zuwa wuri guda inda za a riƙa tace ruwansu. Ma'ana, ko masu fadama mafi girma sun gane cewa akwai kayan da ba a ɗora mata.

Iyakar Ƙarfin Fadama

Wajibi ne a faɗi wannan ɓangare ƙarara, domin kada a ɗauka an sami maganin da zai ɗauke wa kowa nauyi. Fadama ba ta kashe ƙarfe, ajiye shi take yi. Rumbu ce, kuma kowane rumbu yana cika. Idan fadamar ta bushe, taɓo ya tsage iska ta shiga, farar wutar nan tana rikiɗa ta zama ruwa mai tsami, ƙarfen da aka ɗaure ya kwance, ruwan farko na damina ya kwashe shi gaba ɗaya. Idan aka yashe lakar aka kai gona da sunan taki, an ɗauko gubar ne daga inda take ɗaure aka kai ta bakin shuka. Idan aka ƙona ciyawar, ƙarfen yana cikin tokar. Idan shanu suka yi kiwo a kai, yana taruwa a hanta da ƙodarsu. Kifin da ke kiwo a ƙasan ruwa, irin su tarwaɗa, ya fi kusa da lakar.

Madatsar Wasai ta zama irin wannan rumbu, domin kusan shekara hamsin ke nan lakar Jakara da Getsi tana kwantawa a cikinta, ga masunta da masu ban-ruwa kewaye da ita. Daga tsakiyar shekarun 1980 masana'antu da yawa na Bompai da Sharaɗa sun rufe saboda tsadar kaya da rashin wutar lantarki, amma rufe ƙofar masana'anta ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga laka.

A daidai lokacin da kayan ke ƙaruwa, matatun suna raguwa. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4, kusan miliyan uku daga ciki a birni da kewaye. An cike kududdufai da shara an yi gini a kansu. An yi wa Jakara daɓe da bangon siminti a cikin gari, daga baya kuma, a zangon mulki na 2011 zuwa 2015, aka fara rufe shi ana shimfiɗa titi a kai. Wannan ya rage wari da sauro ga maƙwabta, amma ruwan da ke gudu a kan siminti ba ya ajiye komai a hanya, duk abin da ya ɗauko yana sauke shi ne a ƙofar masu lambu.

Can ƙasa kuma akwai fadamar Haɗeja da Nguru, inda ruwan Kano da Challawa ke bazuwa. A shekarar 2000 aka sa Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin Ramsar. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa Goj a 1992, ambaliyar da ke cika ta kowace shekara ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana rani da damina, abin da ya ba kacalla damar mamaye hanyoyin ruwa. Ga manomi da masunci na can, kacalla annoba ce, ta toshe magudana, ta cinye gona, ta zama mafakar jan-baki. Tsiro ɗaya ke nan, a wani wuri magani, a wani wuri cuta. Darasin shi ne a dasa shi inda ake bukatarsa, a kuma riƙa sarar sa bisa tsari.

Dokoki da Abin da Ya Rage

Nijeriya ba ta farka ba sai a 1988, lokacin da aka gano dubban gangunan shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel. A shekarar aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, wato FEPA, a 1991 kuma aka fitar da ƙa'idar da ta wajabta wa kowace masana'anta tace ruwanta kafin ta sake shi. A 2007 aka kafa NESREA, wadda a 2009 ta fitar da ƙa'idoji na musamman ga masaƙu da majemu. Doka dai ba ta yi ƙaranci ba. Abin da na gani a tsawon aikina shi ne, injin tace ruwa yana cin wuta da kuɗi, mai duba aiki kuma sau da yawa ba shi da motar zuwa ko kayan awo.

A ganina, abubuwa uku ne ya kamata a haɗa. Na farko, a tsare ƙarfen tun daga tushe. Ana iya ware ruwan jima daban, a zuba masa sinadarin da zai sa kuromiyam ya kwanta, a sake amfani da shi, wanda riba ce ga mai masana'anta. Na biyu, a keɓe fili a inda Getsi da Salanta ke fita daga unguwannin masana'antu, a gina fadamun hannu, a killace su kada a yi kiwo ko su ko noma a ciki, a kuma tanadi ramin da za a binne lakarsu. Na uku, a hana cike ragowar kududdufai da fadamun da ke gefen gari, a rubuta su a taswirar gwamnati kamar yadda aka rubuta ganuwa.

Kammalawa

Ga malaman makaranta, wannan darasi ne da ake iya koyarwa da kwalba biyu: a cika su da ruwan kwata, a girgiza ɗaya, a bar ɗaya ta kwana, yara su ga abin da ya kwanta. A sanar da su cewa ruwa mai haske ba lallai ne ya zama mai tsabta ba, a hana su wanka a rafukan masana'antu da wasa da fasasshen batir. Ga iyaye mata, wanke ganye sosai da ruwa mai kyau da feraye karas yana rage dalmar da ke jikinsu, ko da yake ba ya fitar da abin da ya shiga ciki. Ga dattawa da masu unguwanni, su ne suka san inda kowane kududdufi yake da sunansa da wanda ya cike shi, kuma ya kamata a rubuta wannan ilimi tun masu shi suna raye.

Kakanninmu sun zauna da Jakara ɗaruruwan shekaru yana haɗiye abin da suka zuba masa, saboda abin da suka zuba mai ruɓewa ne, kuma sun bar masa fili da ciyayin da zai yi aikinsa. Mu a cikin shekaru saba'in mun ba shi abin da ba ya ruɓewa, muka kuma ƙwace filin. Gyaran yana hannun hukuma da masu masana'antu da jama'ar gari, kuma rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu ikon barin wa na baya ruwan da za su iya sha.